Riƙon Sitiyari Inda Kwalta Ta Ƙare

Yawancin direbobinmu na Nima da Mamobi, unguwannin Ankara babban birnin Gana, a kan kwalta suka koyi mota. Titin Kanda, shataletalen Nima, Kawo Kudi, Circle, nan hannunsu ya faɗa, kuma abin da suka ƙware a kai shi ne kutsawa cikin cunkoso da kauce wa trotro, motar haya mai tsayawa ba sigina. Gwaninta ce, ban raina ta ba. Sai dai zaman zango ya sauya. Gidan gado ya yi wa zuriya kaɗan, jama'a sun sayi filaye a bayan Kasoa da Amasaman da Oyibi da Dodowa, wuraren da za ka sauka daga babban titi ka ci gaba da tafiya a kan jar ƙasa wadda tifofin yashi suka tattake. Kasuwar albasa ma ta tashi daga Agbogbloshie tun 2021 ta koma Adjen Kotoku. Ga masu shiga ƙauyukan Nkwanta da Kpassa da Bimbila ɗauko doya, ga masu tsallake ruwa a Adawso su shiga Afram Plains neman masara da gawayi, ga masu zuwa gida arewa da Sallah ko ta'aziyya, waɗanda in sun bar Yendi ko Tumu ko Bawku suka nufi ƙauye, ragowar tafiyar duk a kan burji ce. Lasisin DVLA ɗaya ne a aljihu, amma tuƙin iri biyu ne.

A kan kwalta kai kaɗai ke juya sitiyari, taya tana bin umarni. A kan burji da laka da yashi kuwa, ƙasa ma tana da hannu a sitiyarinka. Rami yana jan taya, dutse yana ture ta, sawun tifa yana riƙe ta, kuma duk abin yana dawowa tafin hannunka. Direban da bai saba ba sai ya rama da ƙarfi, ya murza da yawa, ya murza cikin firgici. A ganina, yawancin motocin da ke kifewa a irin waɗannan hanyoyi murzawar direba ce ke kifar da su, ramin da ya tsorata shi bai isa ba. Don haka duk abin da zan faɗa a nan wuri ɗaya yake komawa: ka murza kaɗan, ka murza da wuri, kuma ko yaushe ka san inda tayoyin gaba suke kallo.

Mu fara da babban yatsa, tunda shi ke fara shan wahala. Dubi yadda kake riƙe sitiyari. Da wuya in ba ka zura manyan yatsunka biyu ta ciki ba, sun naɗe da'irar, sun kwanta a kan sandunan da suka haɗa ta da tsakiya. A titi ba komai. Amma ranar da tayar gaba ɗaya ta daki dutse ko kututture ko bakin kwalbati, bugun zai bi ta tayarod ya hau, sitiyari ya fizge ya juya da kansa kafin ka ƙifta ido. Sandar nan in ta tarar da yatsa a hanya, targaɗe ne mai sauƙin abin, karaya ma tana faruwa. Tsofaffin da suka ja Bedford da Land Rover a zamanin da sitiyari ba shi da fawa ba sai an gaya musu wannan ba. Fawa ta rage ƙarfin fizgar, ba ta kawar da ita ba. Maganin ba ya cin ko sisi: fito da manyan yatsu, ka kwantar da su a kan fuskar da'irar, suna bin tsawonta. Ka saba da haka tun a kwalta, domin hannu ba ya koyon sabon abu a ranar haɗari.

Zama ma sai an gyara. Samarinmu suna son a kwantar da kujera, hannu ɗaya a miƙe a saman sitiyari, gwiwar ɗayan a kan taga. Wannan zaman yawon Sallah ne a titin Nima. Kafin ka shiga burji, ta da bayan kujera, ka matso har ya zama in ka miƙa hannu, kafaɗarka tana manne da kujera, wuyan hannunka ya kwanta a saman sitiyari. Da haka gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe idan ka riƙe. Kada kuma ka manne, bar kamar santimita 25 tsakanin ƙirjinka da tsakiyar sitiyari saboda jakar iska. In kujerar mai ɗagawa ce, ɗaga ta don ka riƙa hango ƙasa kusa da hancin mota. Ɗaura bel, ka kafa ƙafar hagu a daɓe gefen kuloci. Dalili kuwa, mutumin da jikinsa ke yawo a kan kujera da sitiyari yake tokarewa don kada ya faɗi, kowace girgiza ta jikinsa kuma sai ta zama murzawar da bai yi niyya ba.

Ɗauki sitiyari a matsayin fuskar agogo: hannun hagu a ƙarfe 9, na dama a ƙarfe 3. A da 10 da 2 ake koyarwa, kafin motoci su zo da jakar iska a tsakiyar sitiyari. Ita kuwa in ta tashi, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba ta cika, hannun da ya gitta gabanta kuma a fuskarka za ta maka shi. Wajen shan kwana, hannuwa su riƙa miƙa wa juna. A ce dama za ka yi: hannun dama ya zame sama ya kama ya jawo ƙasa, na hagu ya zame ƙasa ya karɓa ya tura sama, na dama ya sake hawa. Kowane hannu yana ɓangarensa, ba ya tsallakawa, kuma babu lokacin da sitiyari yake sake ba mai riƙe da shi. Da farko za ka ji abin ya yi maka nawa. Nawar ake so. Juyawa da tafin hannu ɗaya, da zura hannu ta ciki a kamo daga ƙasa, duk a bar su a gari. Haka sakin sitiyari ya warware da kansa bayan kwana: kwalta ce ke mayar maka da shi daidai, laka ba ta yi maka wannan alkawari ba. Ƙululun nan da wasu ke ɗaura wa sitiyari don sauƙin juyawa, a kwance shi, domin in an sami fizga shi zai fara samun wuyan hannu.

Ƙarfin riƙo fa? Wanda ya taɓa kallon mahayan da ke fitowa da dawakai ranar Sallah ya ga amsar. Gwanin mahayi ba ya ɗaure linzami tamau, ba ya kuma sakinsa. Yakan bar doki ya zaɓi inda zai sa kofato, shi kuma yana riƙe da alƙibla. A kan burji sitiyari zai riƙa ɗan motsi a hannunka, hagu kaɗan, dama kaɗan. Bar shi ya yi. Tayoyi ne ke neman wurin takawa, in ka hana su sai bugun ya koma kan ƙarafan ƙafa da kafaɗunka. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne babban juyi. In ka ga gaɓoɓin yatsunka sun yi fari, ko wuyanka ya sage bayan rabin awa, riƙon ya yi yawa, kuma galibi gudun ma ya yi yawa.

Hannu kuwa ido yake bi. Wanda ya kafa wa rami ido, cikinsa zai faɗa. Kalli inda kake son taya ta taka, ka riƙa ɗaga ido can gaba kana zaɓen hanya tun kafin ka iso, sannan ka dawo da shi kusa. Mai hangen nesa da ɗan motsin hannu yake kauce wa abu, mai kallon hancin mota kuwa kullum a fizga yake.

Yanzu ga abin da ya fi jefa mutane daji, kuma ba a cika maganarsa ba. Sitiyarin yawancin motoci yana zagayawa kamar sau uku zuwa huɗu daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. Wato kana iya ganin tambarin Toyota a miƙe daidai a gabanka alhali ka zagaya sau ɗaya cur, tayoyi suna kallon gefe. A kwalta ba za ka ruɗe ba, mota za ta karkata nan take ta tona asiri. A cikin sawun tifa mai laka kuwa, bangon kwarin yana riƙe da tayoyi, mota tana tafiya gaba sak ko da a karkace suke, suna turin laka da gefensu. Direba ya ji mota ta yi nauyi, sai ya ƙara wuta. Da an iso inda kwarin ya ƙare ko ƙasa ta yi tauri, tayoyi su kama, mota ta yi tsalle ta nufi inda suke kallo tun ɗazu: gonar mutane, ko kwata, ko mai babur da ya raɓe a gefe yana jiran ka wuce. Bayan haka sai ka ji ana cewa sitiyari ne ya ƙwace. Bai ƙwace ba, umarnin da aka ba shi tun tuni ya cika.

Yadda za ka kare kanka: lokaci-lokaci, kana tafiya a hankali cikin kwari, sassauta riƙo kaɗan ba tare da ka saki ba, za ka ji sitiyari yana neman komawa tsakiya da kansa, sai ka bi shi. In ka yi kokwanto, tsaya, leƙa ta taga ka dubi tayar gaba, ba abin kunya ba ne. Wasu sukan naɗa ɗan salatif mai launi a saman sitiyari daidai ƙarfe 12 lokacin da tayoyi suke miƙe. Yana taimakawa, amma ka tuna shi ma yakan dawo sama bayan zagaye ɗaya, saboda haka ƙirga zagayen a ranka yana nan wajibi.

A bi sawun tifa ko a hau gefensa? Tsayin cikin motarka ne ke yanke hukunci. Ƙaramar mota irin Corolla tsakaninta da ƙasa bai cika wuce santimita 15 ba, Hilux da Land Cruiser sun haura 20. In kwarin bai yi zurfi ba, bi shi, ƙasan sawu ya fi tauri tunda an tattake shi. In tudun tsakiya zai taɓa kaskon baƙin mai a ƙarƙashin inji, ko ƙullin ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul na baya, to ɗora tayoyin gefe ɗaya a kan tudun, na ɗaya gefen a bakin hanya, ka bi a hankali, kwarin yana ƙarƙashinka. Wannan shawara tun kafin a shiga ake yanke ta. Wanda ya riga ya shiga kuma yake son fita, ya nemi inda bangon ya yi ƙasa, ya rage gudu sosai, ya murza kaɗan ya jira taya ta hau, yana shirye ya miƙe ta da zarar ta hau. Dutse babba kuma in ba za a kauce masa ba, gara a ɗora masa taya a taka shi da a bar shi ya bi ta ƙarƙashin ciki, kuma a taka da fuskar taya, domin gefenta ne marar kauri, nan dutse ke yagawa.

Laka iri-iri ce. Jar ƙasar bayan Kasoa in ta sha ruwan Yuni samanta ne ke santsi, ƙasanta da sauran tauri. Baƙar ƙasar nan ta wajen Dawhenya da Asutsuare da Akuse, inda ake noman shinkafa, ita ce muguwa. Tana cike zanen taya ta mayar da ita sulɓi, har ka ji sitiyari ba shi da nauyi ko kaɗan. Wannan sauƙin alama ce cewa tayoyin gaba sun daina kama ƙasa, kuma duk murzawar da ka yi a lokacin tana nan a ajiye, gaba ɗaya za ta fito idan sun kama. Shiga da giya ta biyu, wuta daidai wa daida, ba ƙari ba ragi. In ka ji mota tana neman kafewa, riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama da ɗan sauri, kamar rubu'in zagaye kowane gefe. Haƙoran gefen taya sukan ciji bangon sawu su sami abin kamawa. Nan kaɗai ne a duk bayanin nan na yarda hannu ya yi sauri. In ta tsaya cak tayoyi suna juyawa a banza, ɗaga ƙafa, ƙarin wuta rami yake haƙawa. Miƙe tayoyi, sa ribas, bi sawunka ka koma. Miƙewar nan kada a raina ta. Tayar da ke karkace laka take tarawa a gabanta, samarin unguwa su yi ta turi suna gumi a banza, direba yana ciki yana ba da wuta bai san shi ne ya tokare motar ba.

Da rani kuma gargada ce ke sarauta, ƙananan tuddan nan da ke jere a gicciyen hanya masu sa haƙora kaɗawa. Direbobin hanya sun gano cewa in an ƙara gudu girgizar takan ragu. Gaskiya ne, sai dai dalilin raguwar shi ne tayoyi sun koma taɓa kawunan tuddan kawai, tsakanin wannan da wancan a iska suke, tayar da ke iska kuwa ba ta jin sitiyari ba ta jin birki. Shi ya sa motar da ke tafiya lafiya lau a miƙaƙƙen wuri take wucewa daji a kwanar farko. Rage gudu tun mota tana miƙe, ka gama da birki kafin ka fara murzawa, ka shiga kwana da hannu mai laushi. Ƙurar babbar mota in ta rufe maka ido, ja baya ka bar ta ta lafa, kada ka fita wucewa a makance.

In bayan mota ya zame, abin da ke yawan samun Hilux ko Hardbody marar kaya, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka danna birki, ka juya sitiyari ɓangaren da bayan ya tafi. Ya zame dama, ka yi dama. In lissafin ya ruɗe maka, kafa ido a inda kake son zuwa, hannu zai bi. Sai abu na biyu wanda ake mantawa: da bayan ya fara dawowa, fara warware abin da ka murza. Wanda ya makara, bayan zai wuce ya zame ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko, kuma zamewa ta biyun nan ita ta fi wuntsila mota. In kuwa gaban ne ya ƙi shan kwana, ka murza amma mota tana tafiya sak, ƙarin murzawa ba zai ƙara komai ba. Rage wuta, ka ɗan warware, nauyi ya dawo kan tayoyin gaba su kama.

Akwai haɗarin da ke samun mutum yana tsakiyar tafiya a babban titi. Tirela ta matse ka, ko ka kauce wa rami, tayoyin dama biyu suka faɗa gefen titi inda ruwa ya zaizaye har ƙasa ta yi nisa da bakin kwalta. Abin da jiki ke so shi ne a fizgo mota a dawo. Kada ka yi. Gefen taya zai riƙa gogar bakin kwalta ya ƙi hawa, kai kuma kana ƙara murzawa, da ta hau sai mota ta harba ta tsallaka hannun masu tahowa. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur, bar tayoyi biyu a ƙasa biyu a kwalta har gudu ya mutu sosai. Sannan ka duba madubi, ka nemi inda bakin bai yi tsayi ba, ka hau da ƙaramar murzawa, ka miƙe nan take.

Kwata ko ƙaramin kwazazzabo da ya gitta hanya a kaikaice ake tsallaka shi, taya ɗaya ta shiga ta fita kafin ta biyu ta iso, uku suna riƙe da mota. In ka tunkare shi kai tsaye, tayoyin gaba biyu su faɗa tare, bamba ta soki ƙasa. Tudu kuma akasin haka ne: a miƙe ake hawa, a miƙe ake sauka, ba a juyawa a tsakiyarsa. Mota ta kasa hawa? Taka birki, sa ribas, saki kuloci gaba ɗaya, ka bar inji ya riƙe ta tana sauka a sawun da ta hau. A ribas sitiyari ba ya neman tsakiya da kansa, neman juyewa ƙarshe yake yi, saboda haka riƙe shi da hannu biyu ka yi gyara ƙanana. In hanya ta karkata gefe har ka ji mota tana neman kwantawa, juya kanta wajen gangara. Zuciya za ta ce ka yi sama, amma yin sama shi ke ƙarasa kifar da ita. Masu dogon lodi su fi kowa kiyayewa: trotro mai kaya a rufi, Kia mai tankin ruwa wanda bai cika ba ruwan yana kai-komo, da masu aboboya, wanda ƙafarsa uku ce, kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta ɗaga masa ƙafa.

Tun da ana maganar gangara, wata ɗabi'a ta cancanci a la'ance ta: kashe inji ko sa mota a firi wajen sauka don tsimin mai. Ko a gangaren Aburi ne, ko na Kwahu, ko dutsen Nakpanduri, inji in ya mutu fawar sitiyari ta tafi, taimakon birki ma ya ƙare bayan taki ɗaya ko biyu. In kuma makulli ya koma ƙarshe, a motoci da yawa sitiyari kullewa yake yi. Man da aka tsimi bai kai kuɗin likkafani ba.

Yashi ba shi da dogon bayani. A bakin teku wajen Ada da Keta, ko a busasshen rafi a arewa, sha kwana da faɗi, domin tayar da aka murza sosai yashi take tarawa ta tsayar da mota. Direbobin Agadas da ke ratsa sahara rage iskar taya suke yi don ta baje, kai ma in ma'aunin mai faci yana nuna 32 ko 35, kana iya saukowa wajen 20. Amma taya mai ƙarancin iska in aka fizga ta tana iya ficewa daga wili, kuma da an dawo ƙasa mai tauri sai a nemi mai faci a mayar da iska kafin a yi gudu.

Ruwa kuwa, mutanen Ankara ba sa bukatar wa'azi. Wanda ya ga daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobara suka kashe mutum sama da 150 a Circle, ko ya ga babban lambatun Nima ya cika yana gudu zuwa Odaw, ya san ƙarfinsa. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, mai santimita 60 kuma har manyan jif. Da zarar mota ta fara iyo, sitiyari ya tashi daga aiki, babu dabarar hannu da za ta cece ka. In ruwan a tsaye yake kuma bai yi zurfi ba, a fara takawa da ƙafa da sanda a gano ramuka da bakin kwalbati, sannan a shiga a miƙe da giya ta ɗaya ba tsayawa. Kada ka firgita in sitiyari ya yi nauyi na ɗan lokaci, bel ɗin famfon fawa ne ya jiƙe yana zamewa. Bayan an fita, a ɗan riƙa taɓa birki ana tafiya har ya bushe.

Ba sai an bar gari ba ma. Lungunan Nima da Mamobi da Sabon Zango, masu buɗaɗɗiyar kwata hagu da dama, makaranta ce. Abin da suke koyarwa shi ne tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, yanke kwana take yi ta ciki, kuma gwargwadon tsawon mota gwargwadon yankewar. Mai Sprinter da ya murza da zarar hancinsa ya wuce kusurwa, tayar bayansa ce za ta faɗa kwata. Wuce gaba kaɗan, ka buɗe, sannan ka murza. In wuri ya matse har sai an duba maka, zaɓi mutum ɗaya, ya tsaya a gaba inda kake ganinsa, ya yi maka nuni da hannu. Mun san halinmu, kafin ka ankara mutum goma sun taru, wannan yana cewa yanka dama, wancan yana cewa hagu, Alhaji na kan benci ma yana ba da tasa fatawar. Gaishe su da ladabi, amma idonka a kan mutum ɗaya. In ya ɓace maka, tsaya. Kada kuma ya tsaya a bayan mota ko ta gefen gangara.

Ƙarfe ma yana da haƙƙi. Kada ka riƙe sitiyari a ƙarshe kana dannawa har famfo ya riƙa kuka, sassauta kaɗan da ka ji ya kai. Kada ka murza da ƙarfi mota tana tsaye taya tana jingine da dutse, haka ake lanƙwasa tayarod. Ba da wuta mai yawa sitiyari yana ƙarshe kuma shi ke karya shaf na gaba. Masu Hilux da ire-irenta, in kun sa giyar jan ƙafa huɗu a laka, ku cire ta da an hau kwalta. In ba haka ba za ku ji sitiyari ya yi tauri, mota tana turjewa a kwana, ƙarafan ciki suna murɗe juna. Bayan tafiya, a wanke lakar da ta maƙale a cikin wili, ita ce ke sa sitiyari rawa a titi. In kuwa ka dawo ka ga mota tana tafiya sak amma sitiyari a karkace, wani abu ya lanƙwashe ko ya goce, sai wurin bakanike da mai saitin ƙafa.

Kalma ɗaya ga masu motar da aka sauya wa sitiyari. Gana ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 4 ga Agustan 1974, kuma doka ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama sai da izini na musamman, shi ya sa ake juya wasu zuwa hagu. Aikin in an yi shi da kayan da suka dace babu laifi. In kuwa yanke-yanke da walda aka yi, gargada ce ke fara gano wurin. Mai irin wannan mota ya sa a duba masa mahaɗan lokaci-lokaci. Kayan ƙafa kuma, in za ka saya a Abossey Okai, tafi da bakanikenka, kada arha ta ja ka a kan tayarod da boljoyin.

Malam direba, kafin ruwan Afrilu ya sauka, kai motarka gareji a ɗaga gabanta, a girgiza kowace taya a ji ko akwai lako-lako, a duba man fawa da bel ɗinsa. Sannan ka nemi fili marar jama'a a bayan gari, ka gwada riƙon 9 da 3, da miƙa wa juna, da ƙirga zagaye, ba tare da ka wuce giya ta biyu ba. Ka tafi da yaron motarka ya gani, ka ba shi ya gwada, domin shi za ka miƙa wa makulli ranar da ka gaji a hanyar Bimbila.